Magani Ya Riga Awo Isowa Jimeta

Matashin da ya tashi a Alkalawa ko Limawa ko Rumde, cikin tsofaffin unguwannin Jimeta, yana burin zama likita, dole ya bi ta ƙofar JAMB, hukumar da ke shirya jarrabawar shiga jami'a tun 1978. Darussa huɗu za a tambaye shi: Turanci, ilimin halittu, ilimin sinadarai da fiziks. A manhajar ilimin halittu akwai babin da ya shafi yadda halittu ke bambanta da yadda suke sauyawa a tsawon zamani, kuma malaman lesin ba su da misalin da ya fi musu sauƙin kawowa a wannan babi kamar na ƙwayar bakteriya da ta daina jin magani. Tambayar takan zo ne a kan majiyyacin da aka ba fenisilin ya samu sauƙi, bayan wani lokaci ciwon ya dawo, aka sake ba shi maganin bai yi aiki ba. Sai a jera amsoshi. Ɗaya ta ce jikinsa ne ya saba da maganin. Wata ta ce ƙwayoyin ne suka koyi kare kansu saboda yawan haɗuwa da shi. Wata kuma ta ce tun farko akwai 'yan ƙalilan a cikinsu da maganin ba ya kashewa, su ne suka tsira suka hayayyafa. Ta farko ita ce wadda za ka ji a bakin kowane kemis. Ta biyu tarko ce da aka ɗana wa ɗalibin da karatunsa bai nuna ba, domin tsohon ra'ayin masani Lamarck ne, na cewa halitta tana gadar da abin da ta koya, aka sauya masa kama. Ta uku ce daidai.

Ba hadda ce ta sa ta zama daidai ba, gwaji ne ya tabbatar da ita. A 1943 Luria da Delbrück, a Amurka, suka nuna cewa sauyin gadon da ke ba bakteriya kariya yana aukuwa ne haka kawai, kafin ma ta gamu da abin da zai kashe ta. A 1952 Joshua Lederberg da matarsa Esther suka ware ƙwayoyi masu bijire wa magani daga cikin waɗanda ba a taɓa ɗiga musu maganin ba. Kafin su duka, a 1940, Abraham da Chain a Oxford sun gano wani sinadari da wasu bakteriya ke fitarwa yana warware fenisilin, alhali a lokacin ba a ma fara raba maganin a asibitoci ba. A 2011 kuwa aka ba da rahoton cewa an tono ƙasa mai daskarewa a arewacin Kanada, wadda ta shekara dubu 30 a rufe, aka samu ƙwayoyin gadon bijirewa a cikinta. Magani dai rariya ne: ba ya ƙirƙirar tsakuwa, amma duk girgizar da aka yi gari yana zuba ƙasa, tsakuwa tana taruwa a sama. Wanda ya fahimci haka ya ci makinsa, ya kuma san cewa abin da ke bijirewa ƙwayar cutar ce, ba jikin mutum ba, don haka jaririn da bai taɓa shan kafso ba yana iya kamuwa da cutar da ba ta jin kafso.

Matsalar tana zuwa ne a tambaya ta gaba, wadda ke neman abin da ke jawo yaɗuwar bijirewar. A nan amsar da aka haddace ita ce shan magani ba bisa ƙa'ida ba, saye ba takardar likita, da rashin ƙarasa abin da aka rubuta. Babu ƙarya a ciki, amma idan aka tsaya a nan sai laifin ya sauka duka a kan mai kemis da matar da ta aiko yaro da kuɗin kafso huɗu. Ni kuwa ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Tarihin magani a Adamawa da sauran Arewa yana nuna wani abu daban: tun ranar da maganin kashe bakteriya ya shigo ƙasar nan, ya riga ɗakin awo isowa, ya riga likita, ya kuma riga ruwan famfo. Al'adar ba da magani bisa zato gwamnati ce da 'yan mishan suka kafa ta, bisa tilas kuma da kyakkyawar niyya, kasuwa ta gaje ta daga baya. Mai kemis magaji ne a wannan sana'a.

Turawa sun ci Yola da yaƙi a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, shekara sittin bayan Modibbo Adama ya kafa garin. Shekara huɗu kacal bayan haka, a 1905, sunan Yola ya shiga littattafan likitanci tare da na Zungeru, domin daga waɗannan garuruwa biyu ne aka samu rahotannin farko na babbar annobar sanƙarau a wannan yanki na Afirka. Likitan Bature na lokacin ba shi da abin da zai yi wa mai sanƙarau, kuma dama ba don talakawa aka kawo shi ba, don jami'an mulki da sojoji ne. Jimeta ta bunƙasa ne a matsayin tashar jiragen ruwa a bakin Binuwai, inda jiragen kamfanoni ke isowa a 'yan watannin da kogi ya cika, su sauke gishiri da atamfa su ɗauki gyaɗa da fatu. A cikin kayan kanti har da magungunan kwalba da na gwangwani, irin su kwinin da Mentholatum. Wato mutumin Jimeta ya fara sanin maganin Bature ne a matsayin haja, abin da ake saye a kan kanta kamar sabulu. Asibitin da ya kula da talaka da gaske na mishan ne, kuma yana nesa: Dokta Niels Brønnum ɗan Denmak ya sauka a Numan a 1913, mishan ɗin Brethren ya kafa tasharsa a Garkida a 1923. Abin da En'e ta iya samarwa shi ne asibitin sha-ka-tafi, inda malamin asibiti ke duban mutum da ido ya zuba masa ruwan magani daga babbar kwalba. Makarantar haɗa magunguna ta Zariya, wadda aka buɗe a 1930, irin waɗannan ma'aikata take yayewa. Arewa gaba ɗayanta ba ta samu ɗanta likita ba sai Dokta Barau Dikko, kuma tsangayar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello ba ta fara ba sai 1967.

A cikin wannan hali ne salfa ta iso. Kamfanin May and Baker na Ingila ya fitar da ƙwayar da aka sani da M&B 693 a 1938, kuma aikinta a kan sanƙarau ya zama abin al'ajabi: cutar da ke kashe bakwai ko takwas cikin goma ta koma tana kashe kamar ɗaya cikin goma idan an samu maganin da wuri. Ba wanda zai jira awo a lokacin annoba. Idan bazara ta yi, zafi ya tsananta, aka ga yaro da zazzaɓi da sandarewar wuya, sai a ba shi salfa a rumfar zana da aka kafa a bayan gari. Daga nan aka wuce zuwa ba masu lafiya don kada su kamu, har a farkon shekarun 1960 aka gwada raba wa jama'a garin salfa na shaƙa a ƙasar Kano. An ceci rayuka masu yawa, babu mai musu. Amma kowace irin wannan raba magani tacewa ce a maƙogwaron dubban mutane lokaci guda, kuma sakamakon bai jima ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara samun ƙwayar sanƙarau rukunin A da ba ta jin salfa a Afirka, kuma zuwa lokacin annobar Zariya ta 1977 likitocin asibitin koyarwa na can, cikinsu har da Brian Greenwood da Hilton Whittle da Sadiq Wali, sun koma neman madadi. A Zariya ne aka gwada allurar kuloramfenikol mai maiƙo, wadda ake yi sau ɗaya ta wadatar, aka buga sakamakon a 1979, ta kuma zama makamin da aka riƙe har a babbar annobar 1996 da ta kama mutum fiye da dubu 100 a Najeriya ta kashe fiye da dubu 11. Abin lura shi ne babu kemis a cikin wannan labari. Hannun hukuma ne ya cinye salfa.

Labarin kuturta ya fi wannan fitowa fili, kuma Adamawa ta san shi sosai, tunda mazaunin kutare na Garkida, wanda aka buɗe a 1929, yana cikin mafi shahara a Arewa. Da dafson ya bayyana a ƙarshen shekarun 1940, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki tsarin da Dokta Ross ya jagoranta a shekarun 1950: maimakon killace kutare, a buɗe ƙananan wuraren karɓar magani a ƙauyuka, ma'aikaci ya zo ranar da aka sa ya raba ƙwaya. Dubun-dubatar mutane suka samu magani ta wannan hanya. Sai dai magani ɗaya ne tilo, ana ba da shi kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, ga mutumin da damina kan hana shi zuwa, noma ma kan hana shi. Ɗalibin da ya amsa tambayar jarrabawarsa da fahimta zai iya hango abin da zai biyo baya ba tare da an faɗa masa ba. A jikin mai kuturta mai tsanani ƙwayoyin suna da yawan da ba a rasa ɗaya da sauyin gado ya kare ta daga dafson, kuma magani ɗaya mai rauni ita yake share wa fili. An tabbatar da dafson ya fara gazawa a Malesiya a 1964, abin ya bazu a duniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke a 1981 cewa a riƙa haɗa magunguna biyu ko uku, da rifamfisin a cikinsu. Hikimar lissafi ce kawai: ƙwayar da ta tsallake magani ɗaya da ƙyar a same ta ta tsallake na biyu da na uku a lokaci guda. Kan wannan lissafi ne ake haɗa wa mai tarin fuka magunguna huɗu a farkon jinyarsa.

Abin da jama'a suka koya daga waɗannan shekaru darasi ne na gaskiya, ba jahilci ba. Sun ga da idonsu cewa ƙwayar Bature da allurarsa suna tayar da wanda aka fid da rai da shi, sun kuma ga cewa mai ba da ita ba ya auna komai. To me zai hana wanda ya taɓa aikin share-share a asibiti, ko tsohon sojan da ya riƙe akwatin magani a yaƙin Burma, ya sayi sirinji ya zauna a gida? Tun a shekarun 1940 M&B ta shiga kasuwar bayan fage a Afirka ta Yamma, musamman don ciwon sanyi, cutar da mutum ya fi so ya yi maganinta a ɓoye. Fenisilin ya biyo baya, tare da masu allura na unguwa. Dokar magunguna ta 1936 ta riga ta buɗe ƙofa, domin ta amince a ba wanda ba masanin haɗa magani ba lasisin sayar da magungunan da aka riga aka ƙunshe, saboda masana ba su isa ba. Lasisin bai ba shi izinin yin allura ba, bai kuma ba shi izinin sayar da mafi yawan magungunan kashe bakteriya ba, har yau haka dokar take. Amma dokar da ta amince babu likita a gari, ta kuma hana wanda ke garin ya taɓa maganin da ke aiki, doka ce da aka rubuta don a karya. A 1976 likitoci a Ingila suka ci karo da ƙwayar ciwon sanyi mai warware fenisilin, aka bi sawunta zuwa Afirka ta Yamma, a daidai lokacin da wata irinta ta ɓulla daga gabashin Asiya. Shekara talatin ke nan da Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, cewa ranar da kowa zai iya sayen fenisilin a kanti ya sha abin da bai isa ba, ƙwayoyin za su fi ƙarfinsa.

Kemis irin wanda muka sani a yau, a kowane lungu na Jimeta, ɗan shekarun 1980 ne. Yola ta zama babban birnin jihar Gongola a 1976, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, kuɗin mai ya sa ana ba da magani kyauta a asibitin gwamnati na ɗan lokaci. Da farashin mai ya faɗi sai kantocin asibiti suka bushe. Lasisin shigo da kaya ya koma hannun masu uwa a gindin murhu, waɗanda ba su san komai game da magani ba, tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, shirin Bamako na 1987 kuma ya mayar da sayen magani wuyan majiyyaci da sunan asusun da ke juya kansa. Likita ya koma rubuta takarda yana cewa a je waje a saya. Wanda ya yi haka sau biyu ya gane cewa zai iya tsallake layin kati da likitan gaba ɗaya, ya nufi inda dama can za a tura shi. Manyan kasuwannin magani na Sabon Garin Kano da Onica da Idumota ta Legas suka zama rumbun da ƙananan shaguna ke sara, daga nan kaya su bi mota cikin zafin rana zuwa Yola, wasu su wuce Mubi, wasu su tsallaka Kamaru. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne masu irin waɗannan shaguna sun kai dubu 200 a Najeriya. A nan ne aka samu haɗi, wato mutum ya faɗi abin da ke damunsa da abin da ke aljihunsa, a ƙirgo masa Ampiclox biyu, Flagyl biyu, da na ciwon jiki, a ƙulle a leda. A nan ne kuma jabu ya samu wurin zama, kafin a kafa NAFDAC a 1993 da yaƙin da Dora Akunyili ta yi daga 2001. Ta fuskar bijirewa, jabun da babu komai a cikinsa sai alli ya fi sauƙin ɓarna a kan wanda aka sa masa rabin sinadari, domin na farkon majiyyaci kaɗai yake cuta, na biyun kuwa yana kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai.

Za a ce ai yanzu akwai ɗakunan awo a ko'ina, kowane layi da allon da aka rubuta gwajin jini. Gaskiya ne, amma a duba abin da ake aunawa. Sakamakon da ya fi kowane fitowa shi ne maleriya da taifot, kuma taifot ɗin da gwajin Widal ake kama shi, gwajin da wani likitan Faransa ya ƙirƙiro a 1896. Ba ƙwayar cutar yake nema ba, alamar da jini ya ajiye ce ta cewa ya taɓa gamuwa da ita ko da danginta, kuma a garin da kusan kowa ya sha gurɓataccen ruwa tun yana yaro, mai lafiya ma yakan nuna wannan alama. Zazzaɓin cizon sauro kansa yana iya ɗaga ta. Da wannan takarda ake rubuta wa mutane Cipro ko allurar seftiriyazon, a kemis da kuma a asibiti. Awon da ke faɗin gaskiya shi ne a shuka jinin ko fitsarin a ga wace ƙwaya ce ta tsiro, sannan a gwada mata magunguna ɗaya bayan ɗaya. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka ta sa hannu a ciki, wanda aka fitar a 2022, ya duba ɗakunan awo kusan dubu 50 a ƙasashe 14 har da Najeriya, ya samu kashi 1.3 cikin ɗari ne kawai ke yin irin wannan aiki. Ko gwajin maleriya na tsinke, wanda ya rage shan maganin maleriya a banza, ya zo da nasa: wani nazari na 2017 ya nuna cewa kusan bakwai cikin goma na waɗanda gwajin ya ce ba su da maleriya maganin kashe bakteriya aka ba su, domin ma'aikacin ba shi da gwaji na biyu da zai gaya masa ko bairos ne ke kawo zazzaɓin.

Mai adawa zai ce wannan wanke mai kemis ne, alhali kowa ya san akwai masu ba da Septrin don mura, da masu tallan kafso ja-da-yalo a faranti cikin rana, da masu haɗa wa mata Ampiclox bayan kowace al'ada da sunan wankin ciki. Ban wanke su ba. Riba ce ke tura da yawa daga cikinsu, kuma wanda ya san maganin ba ya aiki a kan mura ya sayar, ya ci haram. Abin da nake cewa shi ne rufe shagonsa ba zai sauya lissafin ba muddin mai zazzaɓi ba shi da inda za a gaya masa abin da ke damunsa a farashin da zai iya biya. Hatta nasihar nan ta a ƙarasa magani, wadda ɗalibai ke rubutawa ido rufe, tana buƙatar gyara. A tarin fuka da kuturta gaskiya ce tsantsa, domin ƙwayar da ake yaƙa ita ce ke sauyawa a jikin majiyyacin. Amma a 2017 wasu likitocin Ingila sun yi bayani a mujallar BMJ cewa a yawancin cututtukan yau da kullum hujjar wannan nasiha ba ta da ƙarfi, kuma kowace rana ta ƙari da mutum ya sha magani ba da buƙata ba tana tace biliyoyin bakteriyar da ke zaune lafiya a hanjinsa da fatarsa. Ba a ce kowa ya yanke wa kansa ranar dainawa ba. An ce babbar ɓarnar tana wajen wanda bai kamata a ba shi maganin ba tun farko.

Wannan batu na hanji shi ne ya haɗa magani da ruwa. A 1959 masu bincike a Japan suka gano cewa bakteriya na iya miƙa wa wata, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, wani ɗan zoben gado da ake kira fulasmid, ɗauke da kariya daga magunguna uku ko huɗu a dunƙule. Wato ƙwayar hanji marar cutarwa, wadda ta tsira daga haɗin da aka sha don ciwon kai, tana iya ba ƙwayar atini ko ta taifot makaminta. Daga hanjin wani zuwa bakin wani kuwa hanyar sananniya ce: masai kusa da rijiya, kwata da ta cika, jarkar 'yan garuwa da ba a san inda aka ɗebo ba. Kwalara ta shigo Najeriya a ƙarshen 1970, ta yi mummunar ɓarna a 1971 da 1991 da 2010. A 2009 masu bincike na cibiyar Pasteur suka auna ƙwayoyin kwalarar da aka samo daga arewa maso gabashin Najeriya da arewacin Kamaru, suka ga ba sa jin sinadarin da ke cikin Septrin, kuma sun fara taurin kai ga na Cipro. Mubi ta sha annobar a 2018, sannan a watan Satumba na 2024, bayan ambaliya, ta ɓulla a cikin Jimeta, Alkalawa na cikin unguwannin da ta taɓa. Maganin kwalara na farko ruwan gishiri da sukari ne da ƙarin ruwa, amma a irin wannan lokaci kowane gida yakan ruga kemis neman Flagyl da tetarasaikilin, har da waɗanda ba su kamu ba. Birnin Landan ya rabu da kwalara a ƙarni na 19 da magudanan ruwa, shekaru da dama kafin a san fenisilin. Mu kuwa kafso aka miƙa mana ya yi aikin da famfo ya kamata ya yi, a garin da ke zaune a bakin ɗaya daga cikin manyan kogunan Afirka ta Yamma.

Akwai adawa ta biyu da ta fi ta farko nauyi, daga ɗaya ɓangaren take zuwa. Masu ita suna cewa a ƙasa irin tamu rashin magani ya fi yawansa kisa, don haka maganar bijirewa damuwar masu ƙoshi ce. Suna da hujja. A gwajin da aka kira MORDOR, wanda aka buga a 2018, an riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar azitromaisin sau biyu a shekara, da mai lafiya da marar lafiya, kuma a jihar Doso ta Nijar mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Wa zai kalli uwa ya ce mata a bar ɗanta don a adana magani saboda jikokin wasu? Amma masu gwajin da kansu sun auna suka ga bijirewa ga wannan rukunin magani ta ƙaru a hanji da hancin yaran. Salfa ce ta 1940 ta dawo da sabon suna. Kuma bashin ba na jikoki ba ne, yanzu ake biyansa: binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. A Najeriya kaɗai an ƙiyasta mutum 64,500. Mai kuɗi idan maganin farko ya gaza yana da na biyu da na uku. Jaririn da ya kamu da cutar jini a ɗakin haihuwa, wanda ubansa ɗan Keke Napep ne, na farkon nan shi ne duk abin da yake da shi. Rashi da yawa ba kishiyoyi ba ne a nan, tushensu ɗaya: ba a san wanda ke buƙata ba, sai a ba wanda bai kamata ba, a rasa na ba wanda ya kamata.

Dabbobi ma suna cikin lissafin, a jihar da kasuwannin shanu irin na Mubi da Ngurore ke ciyar da kudancin ƙasar. Makiyayin da likitan dabbobi bai taɓa isa rugarsa ba shi ke yi wa saniyarsa allurar tetarasaikilin da kansa, mai kaji kuma yana zuba magani a ruwan sha tun daga ranar farko. Suwidin ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙiba tun 1986, Tarayyar Turai ta bi a 2006. Makiyayin namu ba ƙiba yake nema ba, zato yake yi, kamar yadda malamin asibitin En'e ya yi.

Idan aka duba inda aka taɓa cin nasara, ba wa'azi ne ya kawo ta ba. Kuturta ta ja baya ne da aka haɗa magunguna aka kuma raba su kyauta daga 1995. Sanƙarau rukunin A, wanda ya cinye salfa, rigakafin MenAfriVac ne ya kusan shafe shi bayan an fara shi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya kuma a 2011, kuma duk yaron da bai kamu ba allurai ne da ba a yi ba. Da rukunin C ya taso ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017, amsar ta sake zama rigakafi, har Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon mai kare rukuni biyar a 2024. A ɓangaren kasuwa, a watan Fabrairun 2024 hukumomi sun rufe shaguna fiye da dubu a Sabon Garin Kano don tilasta wa dillalai komawa sabuwar cibiyar Dangwauro, inda za a iya sa ido a kan abin da ke shiga da fita. Mataki ne mai amfani ga Jimeta, tunda daga can ake saro kaya da yawa, amma iyakarsa ya tabbatar cewa abin da aka rubuta a kwali shi ne a cikin kafson. Ba zai faɗi wanda ya kamata ya sha ba. Wannan aikin na ɗakin shuka ƙwayoyin cuta ne, kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da aka buɗe a Yola a 1998, wadda yanzu ta zama asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ita ce ta fi cancanta ta riƙa tattara sakamakon irin wannan awo tana sanar da ƙananan asibitoci da masu kemis wane magani ne har yanzu ke aiki a kan ciwon fitsari ko taifot a wannan gari, wanne ne kuma ya mutu. Shukar jini tana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, tana son wutar da ba ta yankewa da kayan aikin da ake shigowa da su da dala, kuma kuɗinta ya ninka na katin Cipro sau da yawa. Muddin majiyyaci ne zai biya wannan bambanci daga aljihunsa, katin zai saya.